Zinarinka da Aka Wanke da Tsamiya

Zuwa ga Baban Halima,

Gaisuwa da addu'a. Ba za ka karanta wannan ba, na sani, amma in ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa?

Har yanzu muna ɗakinmu na unguwar Suwaidi, a nan ƙasa mai tsarki. Iƙamarmu, takardar izinin zama, ta mutu tare da kai, kafilinka kuma, ubangidan da ya tsaya maka, ya ce mu yi shirin komawa Damagaram. Wannan na haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne gwangwanin tsabobinka na zinari.

Ka tuna yadda kake dawowa daga tuƙi a Sulay, ko takalmi ba ka cire ba sai ka buɗe shi? Ka ɗora mini ɗaya a tafin hannu, ka ce irin wannan ne alhazan da can suke ɗinkewa a bakin riga, su ƙetare daji da ƙafa, zamanin da ba fasfo ba iyaka, sai 'yan fashi. Ina tsaki, ina cewa mai neman na cefane ya tara kuɗin da ba a kashewa. Ƙarya nake, Malam. Ina jin daɗin labaran nan, ban dai taɓa faɗa maka ba. Kuma na riƙe gargaɗinka: kada a wanke su, dauɗar nan ita ce shekarunsu.

Ina cikin takaba yayanka Alhaji Sani ya zo daga Nasiriya, ya ɗauki gwangwanin don rabon gado. Daga bayan labule na roƙe shi ya bar wa Halima ko ɗaya, yadda yake. Ya ce in kwantar da hankali, ai shi ba yaro ba ne. Ina da halin bin sa? Mai takaba ba ta fita.

Ya ga sun yi duhu, sai ya jiƙa su a tsamiya, ya dirje da toka da soson ƙarfe, kamar gindin tukunya. Wai don su yi kyau a idon mai saye. Mai tara tsoffin kuɗin da kake zuwa wurinsa ya duba, ya girgiza kai, ya ce an kashe su, rubutun ma ya shafe. Sai maƙerin zinari ya auna su a sikeli, ya zuba a wuta.

Na yi fushi har na kasa cin abinci. To, da wa zan yi faɗa? Da zuciya ɗaya ya yi.

Jiya ya zo yana fara'a da 'yan kunne, ya ce daga zinarin ubanta aka ƙera wa Halima. Halima ta sa, tana ta juyi gaban madubi, tana tambayata ko sun yi mata kyau. Na ce sun yi. Tun daga nan ban iya kallon kunnen 'yarka ba.

Allah ya kai haske kabarinka. Sai mun zo.

Matarka,
Maman Halima