Kun Tafi Kafin Mu Ce "Sai Dai"

Zuwa ga Kamarad Babban Likita,
shugaban tawagar da ta zagaya unguwannin Kwatano tana binciken ciwon sukari da hawan jini.

Daga Iliyasu dillali, karar shanu, Zongo.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Delegen unguwarmu, wato wakilin hukuma a cikinmu, ya ja mana kunne cewa tun da aka yi juyin juya hali an daina "ranka ya daɗe", kowa kamarad ne. To, na ji, kamarad. Amma ka yi mini afuwa, ni dai ina so ranka ya daɗe, domin ina da buƙata a wurinka, kuma ba mai jira ba ce.

Na rubuta da Hausa tunda hukuma da kanta ta ce a ɗaga harsunan jama'a. Maƙwabcina da ke koyarwa a lakwal, makarantar boko, zai juya maka ita da Faransanci. Ta Hausar kuwa a ƙofar masallacin Zongo za a karanta ta bayan sallar Juma'a, kowa ya ji da kunnensa. Na san abin da hakan zai iya jawo mini, kuma zan zo kansa.

Abin da ke tafe da ni ƙafata ce ta hagu. Na daɗe da ciwon sukari. A farkon daminar bara wani bijimi ya taka mini babban yatsa a kara, abin da kowane dillali ya saba da shi, a ɗaure da tsumma a ci gaba da ciniki. Nawa ya ƙi warkewa. Likitan fiɗa da ya duba ni a babban asibiti bai ɓoye mini ba: in ba ana wanke mikin ana auna jinina kowane mako ba, zai cire yatsan, in ruɓar ta hau kuma ya bi ta har gwiwa. Dillali kuwa da ƙafa yake ci. Daga gar, tashar da jirgin ƙasa na Parakou ke sauke shanu, zuwa kara, zuwa mahauta, a tsaye muke wuni cikin yashi da taɓo da kashin shanu.

Na ɗaya: yadda kuka zo mana.

Tawagarka ta shigo Zongo da hantsi, da mota mai lasifika, delege a gaba, 'yan kallo a baya, aka bi gida gida. Da suka iso ƙofata, tafintansu, wani ɗan kudu mai Hausar kasuwa, ya yi sallama. Ban gama amsawa ba ya ce, "Akwai mara lafiya a gidan nan?" Na waiwaya. Ga delege, ga mahautan da nake sayar wa shanu, ga kuma wani abokin sana'ata wanda da ma idonsa na kan baƙina masu kawo mini shanu. Na ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Suka rubuta, suka yi gaba. Matata Hajara ta aiko musu da ruwa, kafin kwanon ya iso zaure sun kai gida na gaba. A lokacin ƙafar tana cikin dogon takalmin roba, tana yi mini zugi har cikin kai.

Ba ƙarya na yi musu ba, kamarad. In gobe ma aka tare ni a bakin ƙofa aka yi mini wannan tambaya a bainar jama'a, amsar da zan bayar ke nan. A wurinmu "lafiya lau" amsar gaisuwa ce. Ko mutumin da ke kwance rai a hannun Allah, ka ce masa yaya jiki, zai ce maka da sauƙi. Baƙo sai ya shigo zaure, ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, a tambayi gajiya, a tambayi mutanen gida, a tambayi hanya, a ɗan yi shiru. Sannan mai gida zai gyara zama, ya sassauta murya, ya ce, "Sai dai..." Duk abin da kuka fito nema yana bayan wannan. Ku kuwa kun tafi kafin mu kai wurin, sauri ya haifi nawa.

Matanmu ma ko tambayarsu ba a yi ba. Babu mace ko ɗaya a tawagar, to wa zai shiga ciki? Hajara ta daɗe tana fama da jiri da ciwon kai mai sara, tana tsaye bayan labule tana jin lokacin da aka rubuta gidanmu cikin masu lafiya.

Na biyu: dalilin da ya sa muke rufe ciwo.

Wataƙila za ka ce taurin kai ne, ko duhun kai. Ba haka ba ne, abinci ne. Baƙon da ya taso daga Borgu ko Nijar ko Sakkwato da shanunsa, dukiyar gidansu ce gaba ɗaya ya koro. A gidana yake sauka, ni ke ciyar da shi, ni ke tsaya masa a ciniki, ni ke bin mahauci har ya cika alkawari. Amana ce kawai tsakaninmu. Ranar da aka ji Iliyasu na da ciwon da ba ya warkewa, tun a gar wani zai ja baƙon gefe ya ce masa, "Kai, kada ka damƙa dukiyarka ga mutumin da kwanansa ya kusa." Ma'aikacin biro, mai zaman ofis, in ya kwanta, likita ya ba shi hutu, albashinsa na tafiya, kujerarsa na jiran sa. Mu ranar da ba ka fita ba babu la'ada, in ka daɗe ba ka fita ba kuma babu baƙi.

Shi ya sa har da rani, rana na dukan ƙasa, nake yawo cikin takalmin roba don kada a ga bandeji. Mahauta na tsokanata wai na bar shanu na koma kamun kifi a Ladji, unguwar bakin ruwa. In yi dariyar yaƙe in ce musu ai kifi ba ya harbi. Da na dawo gida in cire takalmin, ni kaina sai na kawar da hanci.

Na uku: abin da wannan "lafiya lau" ta jawo.

Bayan bincikenku kun ware rana ta musamman ta masu sukari da hawan jini a ƙananan asibitocin unguwa, ana awo, ana wanke miki, ana ba da shawara. Gbégamey ta samu, Sainte-Rita ta samu, Ladji ta samu. Sun cancanta, wallahi ban yi musu hassada ba. Zongo babu, domin a wurinku Zongo garau take. Ikon Allah! Unguwar da dattawa ke shan shayin da cokali zai iya tsayawa a cikinsa don sukari, ita ce ba ta da mai sukari?

Na yi sammako na je asibitin da ya fi kusa da mu a cikinsu, na bi layi da ɗingishina. Da na kai teburi aka ce kati na waɗanda bincike ya gano ne, kuma na 'yan unguwar, in koma babban asibiti. Can kuwa wuni guda ake yi ana jira, kuma ranar da ake ba ni takan faɗa ranar da jirgi ke sauke shanu, sai in zaɓa tsakanin ƙafata da tukunyar gidana. Na yi fushi ranar nan, kamarad, fushi na gaske, har Hajara ta ajiye mini abinci ban taɓa ba. Masu karɓar haraji ba su taɓa ɓata hanyar Zongo ba. Ranar aikin gayya na sharar titi delege bai taɓa tsallake ƙofata ba, ya ba ni tsintsiya na yi shara da wannan ƙafar. Sai da aka zo kan magani ne aka ce ba a san da ni ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya ba ni ƙarfin rubuta wannan takarda.

A teburin da aka kore ni akwai wata ma'aikaciyar jinya, Madam Selestin. Na nemi izininta kafin in ambaci sunanta. 'Yar kudu ce, Kirista, Hausarta ma a karye take. Ta ga yadda na juya ina jan ƙafa, ta tambayi inda nake zaune. Ranar Lahadi da ta taso daga coci sai ga ta a ƙofata. Ta yi sallama, ta tuɓe takalmi, ta zauna a tabarma, aka kawo ruwa ta sha. Ta tambayi iyali, ta tambayi kasuwa, har tsadar shanu sai da muka taɓa. Sannan ta yi shiru tana kallon takalmin roba. Sai na ji bakina ya ce, "Sai dai ƙafar nan." Ta ce, "Cire mu gani, Baba."

Tun daga ranar take zuwa tana wanke mini. Don Allah kada wani ya tuhume ta: a lokacin hutunta take zuwa, auduga da bandeji kuma ni ke sayowa a farmasi. Warin ya tafi, bakin mikin ya fara tsukewa, yanzu har barci nake yi. In ta gama da ni takan shiga wurin Hajara, matan maƙwabta su yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya wai aron rariya suka zo. Kowace da tata "sai dai". Ban kawo wannan don in kunyata samarinka ba, na san an ba su unguwanni masu yawa da lokaci kaɗan. Na kawo ne don ka san ƙofarmu ba a kulle take ba.

Abin da na fi tsoro ma ya riga ya faru. Wata rana babban baƙona, Buba, Bafulatanin Borgu da ya daɗe yana kawo mini shanu, ya shigo zaure ba zato ya tarar da ƙafata a kan gwiwar Madam. Na ce a raina shi ke nan. Ya tsuguna yana kallo har ta wanke hannu. Sannan ya matso, mutumin da ko yunwa ba ya yarda ya ce yana ji, ya ce, "Iliyasu, tambayar mini ita, me ke sa tururuwa taruwa inda mutum ya yi fitsari, kuma ƙishirwa ba ta sakin sa?" Na ce, "Buba, kai ma?" Ya ce, "Na ɗauka ni kaɗai ne." Da ya dawo tafiya ta gaba, a gidana ya sauke shanunsa. Wani baƙon dai ya ji labari ya canza masauki, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Amma Madam ba ta da ikon auna jinina ba tare da kati ba, kuma ta ce wanki kaɗai ba zai rufe mikin ba sai an daidaita sukarin. Ga damina ta kusa. Da ruwa ya sauka kara za ta koma tafki, kuma cikinsa zan tsaya.

Saboda haka ga roƙona.

Ku dawo Zongo. Ku bar lasifika a gida, delege ya nuna muku hanya ya jira a waje. A ga mutum shi kaɗai, a zaune, kuma a zo da mata masu shiga ciki. Na ba da zaurena, liman da sarkin fawa ma sun ce nasu a buɗe suke. Kada dai ku zo ranar saukar jirgi, ba za ku sami kowa ba.

Ku ba mu tamu ranar masu sukari da hawan jini, bayan la'asar, lokacin da kara ta watse.

In kun zo, ku tambayi abin da muke ci. Shawarar da aka ba ni a babban asibiti duk a kan abincin mutanen kudu take, akasa da garin rogo da doya. Ba wanda ya gaya mini matsayin fura, ko koko, ko tuwon dawa, ko yadda mai azumi zai yi da maganin da aka ce a sha da rana. In likitoci ba su sani ba tukuna, ga mu, ku bincika da mu. Jininmu za mu bayar a auna, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ƙarshe, ka sa a ba ni kati kafin ruwan farko ya sauka.

Ku kuma 'yan'uwana na Zongo da ake karanta wa wannan, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ni Iliyasu ina da ciwon sukari, akwai miki a ƙafata, kuma ban mutu ba. Gobe da takalmin fade zan fito kara, bandejina a waje, wanda zai ba ni shanunsa ya ba ni yana gani. In likita ya dawo, kada wanda ya bar ni ni kaɗai a zaure.

Kamarad Babban Likita, Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare ka da iyalinka, ya sa hannunka ya zama sanadin warakar mutane, na kudu da na arewa. Takardun hukuma kan rufe da cewa gwagwarmaya na ci gaba. Ni ma tawa na ci gaba, kuma da ƙafa biyu nake fatan yin ta.

Tabarma a shimfiɗe take, ruwa na randa. Ranar da ka zo ka gaishe ni, zan ce maka lafiya lau. Kada ka tashi. Ka sha ruwan, ka ɗan jira.

Wassalam.

Naka,
Iliyasu dillali,
Zongo, Kwatano.