Ina Zargin Ƙanena Zai Sayar da Sunan Gidanmu

Goggo Clelia, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana a garinmu ba tare da ta riga ni isa gida ba.

Mu dukawa ne, takalman maza muke ɗinkawa a wani ƙaramin gari cikin tuddan yankin Marche. Kakana ya fara sana'ar a ƙasan benensa, Baba ya mayar da ita masana'anta, ni kuma tun ina 'yar makaranta nake cikinta. Yanzu ni ke kula da masu yankan fata da masu ɗinki. Kusan duk wanda ke aiki a wurinmu, uwarsa ko ubansa sun yi aiki a nan. In muka tafi hutun watan Agusta, mai gidan burodi ma rage kwaɓi yake yi. Sunanmu ne a jikin rigunan 'yan ƙwallon garin. Na faɗi wannan ne don ki san ba kuɗi kaɗai nake wa kuka ba.

Ƙanena Tiziano ya daɗe yana aikin ofis a Milan. Bara ya dawo, wai ya zo taya Baba. Allah ya sani na yi murna. Amma tun zuwansa ba ya zama. Ya kawo maganar sayar da takalma ta intanet, na ce a'a. Ya kawo maganar injin yanka, na ce a'a, don inji ba ya bambance fatar bayan saniya da ta cikinta. Daga nan ya daina kawo min magana, kuma wannan shirun ne ya fara damuna.

Wata Lahadi sai ga shi da baƙo wurin cin abincin rana, wani mai suna Bellandi. Mutumin ya cinye taliyar Mama, ya nemi ƙari yana zuba yabo, amma idonsa na kan hoton Kaka da ke bango. Ko sau ɗaya bai tambayi yadda ake ɗinka takalmi ba. Abin da ya tambaya shi ne ko sunanmu yana da rajista a ƙasashen waje. Na sunkuya kamar zan ɗauki cokali, na duba ƙafarsa. Goggo, takalmin gam ne, ba zare ko ɗaya!

Ga kuma maganar fata. Kowace shekara war haka mun riga mun yi odar fatar hunturu daga majemarmu ta Tuscany. Bana Tiziano ya ce a dakata. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Yaya, ke dai ji da allurarki." A gaban ma'aikata fa.

'Yar kawuna Mirella tana da shagon kofi daura da ofishin lauya. Ta rantse min ta ga Baba da Tiziano sun shiga can, Baba sanye da kwat ɗin da ba ya sawa sai ranar jana'iza. Na tambayi Mama, sai ta kama goge teburin da ba shi da datti. Mijina kuwa cewa ya yi kishi ne kawai, wai na saba mulki ni kaɗai.

Mun ga yadda aka yi da maƙwabtanmu na gangare. Sun sayar wa babban kamfani, aka bar sunansu a jikin kwali, ɗinki ya koma wata ƙasa. Ginin yanzu tantabaru ke kwana a ciki. Na san Baba ya tsufa, hannunsa na rawa har ba ya iya riƙe wuƙar yanka. 'Yata tilo likitar dabbobi ce a Bologna, ta ce warin gam yana sa mata ciwon kai, Tiziano kuma bai haihu ba. Amma wannan dalili ne na a yi ciniki a bayan idona? In tara ma'aikata in faɗa musu, ko in fara bincika wayarsa?

'Yar Baduku, daga Marche

AMSA

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu. Ba zan ce miki kishi ne ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma badukun da bai sayi fata ba ga hunturu tafe, akwai abin da yake jira. Maganar da ƙaninki ya yi miki a gaban ma'aikata rashin kunya ce, ki kuma gaya masa hakan.

To amma ki duba ta ɗaya ɓangaren. Mai shirin cin amana ba ya kawo abokin cinikinsa teburin uwarsa, gaban yayar da ya san tana gane takalmin gam daga ƙarƙashin tebur. Kuma ba ɗaukar mahaifinki aka yi zuwa wurin lauya ba. Da ƙafarsa ya je, da kwat ɗin da ya zaɓa. Kina ta hararar Tiziano, alhali wataƙila tsohon ne ya ɗora masa aikin, don ya san amsarki tun kafin ya tambaya. Ke da kanki kika lissafa min a'a biyu. Wanda aka rufe wa ƙofa sau biyu, taga yake nema. Wataƙila sayarwa ce, wataƙila abokin tarayya ake nema, wataƙila kuma wasiyya ce kawai mutum ya je gyarawa da ya ga hannunsa na rawa. Ni da ke duk ba mu sani ba.

Kada ki taɓa wayarsa. Ko kin sami gaskiya a ciki, laifin zai dawo kanki. Kada ki tara ma'aikata. Mutane ne masu iyali, in kika tsorata su da zato, ƙwararrun cikinsu za su fara neman wani wuri, ki rusa da hannunki abin da kike karewa. Mirella kuma ta ji da kofinta.

Ki sami mahaifinki shi kaɗai a masana'anta, da rana tsaka, ki tambaye shi kai tsaye. Kafin nan ki ga lauya naki na kanki, ki san matsayinki a kamfanin. Sannan ki je da amsar tambayar da na tabbata ita ke hana shi barci: bayan ke, wa zai riƙe? In jininku ba ya so, akwai 'ya'yan masu ɗinkin nan da suka tashi cikin warin fata. Cikinsu ba wanda za a koya wa riƙon ragama a ba shi kaso? In kuma sayarwar ta zama dole, gara kina zaune a teburin kina kafa sharaɗin cewa ɗinki ba zai bar garin ba, da ki tsaya a waje kina leƙe.

Ki shirya jin abin da ba kya so. Ki kuma bar tsohon ya gama maganarsa kafin ki ce a'a. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar allura tana motsi a garinku.

Goggo Clelia