Takardar da ke jikin ɓauren Kawu Stamat

Sozopol, Talata, 12 ga Agusta

Yaya Lyuben,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Zorka. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naka, ya zafin Valensiya? Mu nan lafiya, in har abin da muke ciki sunansa lafiya.

Ranar Lahadi muka iso. Awa biyar a motar Donco, Baba a gaba, ni da yara a baya da tukwane a cinya. Mun kafa tanti inda muka saba, sai dai turaku biyu sun yi ƙafa, sai da mijin nawa Donco ya ɗaure igiya a tayar mota. Yashi har cikin cuku. Wai hutu! Girkin da nake yi a Gabrovo shi nake yi a nan, bambancin kawai a tsugune nake yin na nan.

Ka san ban so zuwan bana ba. Likita ya ce zuciyar Baba ba ta son hawan tudu, ba ta son labari mai tayar da hankali. Amma tsohon nan ya kafe sai wannan makon, ba na baya ba, ba na gaba ba. Har baƙar kwat ɗinsa ya sa aka ɗauko. Na ce, “Baba, wa ke zuwa bakin teku da kwat a Agusta?” Ya ce, “Wanda ya haife ki.”

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya na shiga tsohon gari sayen burodi, na ce bari in biya in gaya wa Kawu Stamat abokinsa Baba ya iso, ya shirya shan kashi a wasan tabla, darar nan tasu ta cikin akwati. Ban kai ƙofa ba na hango takardar sanarwar rasuwa a jikin itacen ɓauren gidan, baƙin layi kewaye, hotonsa a tsakiya da hular nan tasa ta masunta. Yaya, Kawu Stamat ya rasu tun farkon Yuli. Asabar ɗin nan ce arba'in. Ko ƙwanƙwasa wa matarsa Inna Kalyopa ban iya ba, na juyo da burodina.

Shekara talatin da ɗaya suna wasa a gindin itacen nan. Tun rasuwar Mama babu mai sa Baba dariya har ya sarƙe sai shi. Tsoro nake ji labarin nan ya kashe mana uba a cikin tanti. Na ce masa Kawu ya tafi Burgas wurin 'yarsa. Ya dube ni, ya ce to.

Na san kafin wasiƙar nan ta same ka mun koma gida, amma in ban faɗa wa wani ba zan fashe.

Ƙanwarka,
Rumyana

Alhamis, 14 ga Agusta

Yayana,

Ina sake gaishe ka, da fatan kun tashi lafiya. Ni dai ƙafafuna sun kumbura.

Ashe Kawu Stamat ɗan gari ne na gaske. Takardarsa na ƙofar coci, tana tashar bas, tana bangon mai burodi. Kwana uku ke nan ina jan Baba ta lungunan da ko kyanwa ba ta bi, ina ce masa nan ya fi inuwa. In na hango takarda sai in tare da jikina in nuna masa jirgin ruwa, kamar mai lallashin yaro.

Jiya kuma na yi abin da ko Mama a kabari ba za ta yafe mini ba. Akwai ɗaya a jikin falwayar da ke bakin famfon da Baba ke wanke fuska. Na waiga hagu, na waiga dama, na ciro ta. Takardar mamaci, Yaya, da hannuna! Tana nan a ninke cikin jakata, na kasa jefarwa, na kasa dubawa.

Donco ya ce, “Ke dai faɗa masa ki huta, tsohon nan ya binne mutane sun fi gashin kanki.” Na ce in ya faɗi kai za ka tashe shi? Ya ce shi dai kifi ya zo kamawa. Kwana huɗu bai kamo ko ɗaya ba.

Yau da hantsi Baba ya ce a kai shi wurin mai hoto. Ya sa kwat a cikin ranar nan, ya taje gashi da ruwa, ya zauna ƙyam. Mai hoto ya ce ya yi murmushi, sai ya ce, “Mu mutanen Gabrovo ba ma kashe murmushi a banza.” Tsokanar Kawu ce fa, wanda kullum yake cewa rowarmu ta kai mu yanke wa kyanwa wutsiya don a yi saurin rufe ƙofa kar ɗumi ya fita. Na yi dariyar dole.

Saura kwana biyu. In Asabar ta wuce lafiya zan kunna kyandir mai tsawon Donco a coci.

Taka,
Rumyana

Lahadi, 17 ga Agusta

Yaya Lyuben,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Baba yana nan da ransa, na fara da wannan don ka karanta sauran a zaune.

Jiya da safe na fito tanti na same shi a kujera, da kwat, akwatin tabla a cinya, furanni a hannu. Na ƙirga, shida. Na ce, “Baba, ƙara ɗaya, mai rai biyar ko bakwai ake kai wa, shida ai na kabari ne.” Ya ce, “Rumyana, shekara arba'in na koyar da lissafi.”

Sai na zauna a yashi.

Ashe tun Yuli Inna Kalyopa ta aiko masa da takardar ta gidan waya. Arba'in ɗin ce ta kawo mu. Na ce don me bai faɗa ba? Ya ce da na sani da na kulle shi a gida da kwalaben magani. Na ce to don me ya bar ni ina ta zuba ƙarya? Ya ce, “Na ga kina ta ƙoƙari, ban so in ɓata miki aiki ba. Amma takardar bakin famfo, ki mayar wa mutumin kirki abinsa. Kullum da safe nake gaishe shi.”

Na mayar. Da ƙusoshinta huɗu da suke nan suna jirana.

Tudun nan na coci, sau bakwai muka tsaya. Ya ci dafaffiyar alkamar sadaka, ya ce Allah ya gafarta wa Stamat, ya ajiye furanninsa. Ya yi kuka sosai, kuma zuciyar ba ta tsaya ba. Daga nan muka raka Inna Kalyopa gida, ya ɗora akwatin tabla a kan teburin gindin ɓaure, ya ce a bar shi nan.

Sannan ya zaro ambulan daga aljihu ya ba ni. Hotunan ranar Alhamis ne, guda uku. Ya ce, “In tawa takardar ta zo, kar ki kuskura ki sa na katin shaida, na yi kama da ɓarawon kaji. Ɗaya a ƙofarmu, ɗaya a nan ƙasan ta Stamat, wasan bara bai ƙare ba.” Na tambaye shi na ukun fa? Ya ce na Lyuben ne, ƙila ya manta kamannina.

Ga shi nan cikin wasiƙar. Na gaji, Yaya, gajiyar da barci ba ya maganinta. Shekara huɗu kana cewa sai Kirsimeti. Gobe za mu naɗe tanti. Ka zo ka ga tsohon da ke hoton nan a kujerarsa, kafin ka gan shi a jikin itace.

Yara suna gaishe ku, Donco ma.

Ƙanwarka mai jiranka,
Rumyana