Askar Yayanka

Zuwa ga ƙanin mijina, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da amaryarka da yara. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Jikin yayanka da dama, yana ci yana sha, mantuwar ce dai sai gaba take yi. Gemu ya cika masa fuska kamar ba wanzamin da ya aske rabin unguwar nan ba. Na kira mai aski da inji, yana jin ƙarar ya rufe kansa da bargo. Ya ce shi sai askarsa.

Na ciro ta daga zabira na tarar ta dakushe. Hannunsa na rawa, don haka ni na zauna da dutsensa na wasa aska ina kwaikwayon abin da na saba gani. Kada ka yi dariya, na san halinka. Wajen tsinin tana kamawa, gindin kuwa ko gashin hannuna ba ya ɗauka. Da na ƙara ƙarfi sai bakin ya yi wani siririn lanƙwasa kamar zare, ina gogawa a fatarsa ta gyaran bakin aska ya karye ya bar ƙananan giɓi. Kai ne ka koya a hannunsa. Gaya mini inda nake kuskure, don ba zan kai wannan bakin wuyansa ba.

Ka gaida kowa.
Matar yayanka, Uwar Biyu.

Zuwa ga Auta.

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Amsarka ta iso, har da tsiyar da ka yi mini cewa na ɗauki aska wuƙar yanka kubewa. Zan rama.

Gaskiyarka, dutsen ne ya yi kwari a tsakiya, shi ya sa gindin ba ya taɓawa. Na goge shi a kan simintin ƙofar ɗaki da ruwa har ya miƙe. Na kwantar da askar gaba ɗaya, ban ɗaga bayanta ba, ban danna ba, na bar nauyinta ya yi aikin. Giɓin ya ɗauke ni yini guda kafin ya ɓace. Sai na goga ta a fatar. Da na gwada, gashi ya zube ba ko ja.

Jiya da hantsi na zaunar da shi a kujerarsa ta aiki, na ɗaura masa ƙyalle. Ya karɓi askar ya shafa bakin da babban yatsa, ya gyaɗa kai. Ya miƙa mini wuya da kansa. Ban yanke shi ba, Auta, ko ƙwarzane.

Da na ba shi madubi ya daɗe yana kallo. Sai ya yi murmushi ya ce, “Baiwar Allah, hannunki da sanyi. Miƙo mini hulata, zance za ni.” Na ce wurin wa? Ya rage murya, wai wata yarinya ce mai wushirya, 'yar mai ɗinki, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Ya ce kada in gaya wa kowa, bai sanar da manya ba tukuna.

Ka san ko wace ce, har yau wushiryar tana nan a bakina. Na ba shi hular, na raka shi bakin ƙofa. Ya dubi dama ya dubi hagu, ya tambaye ni hanyar gidansu. Na ce ya zauna, ita ce za ta zo. Ya zauna a kan benci yana gyara wuyan riga, duk macen da ta gifta sai ya ɗaga kai. Yau ma da ya tashi ya tambaye ni ko ta aiko.

Auta, ga ni tsaye a gabansa da ƙyallen aski a hannu, ban san ta wace hanya zan iso ba.

Ka zo da wuri, har yanzu yana kiran sunanka. Allah ya sada mu da alheri.

Taka,
Uwar Biyu.