Sababbin Tayoyin Babanka

Ɗana Natan,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Anita da jikokina. Allah ya kare ku a Fatakwal, ya albarkaci aikinka. Mu a Keffi lafiya lau. Damina ta zauna, doya ta yi kyau, ƙanwarka Judit kuma ta gama jarrabawa.

Maganar tayoyin da ka aiko wa motar Babanka ce ta sa na rubuto. Ranar da aka ɗaura su, sai da ya zagaya Gangaren Tudu kaf, yana faɗa wa kowa cewa ɗansa ne ya saya. Rabona da ganinsa cikin irin wannan murna tun ranar aurenka. Amma ɗana, rim ɗinsu, wato ƙarfen tsakiyar taya, manya ne, robar kuwa siririya. A kwalta sai san barka. A hanyar gona fa, kowane dutse sai mun ji shi a ƙashin bayanmu, sitiyari yana fizge masa hannu. Tsofaffin masu kauri, ka tuna, yakan rage musu iska idan mun iso rafi, su baje su kama taɓo mu wuce. Waɗannan babu abin ragewa. Ran Asabar motar ta zame ta tsaya a bakin kwazazzabo, buhunan taki a baya, ni a gaba ina kiran sunan Yesu.

Na yi masa magana, ya ce hanya ce ta lalace. Mutumin da ya tsufa yana tuƙi a jeji, wai ni zai ruɗa! Yanzu sai na gasa masa baya da ruwan zafi kafin ya iya miƙewa, kuma ina jin tsoro duk safiyar da ya fita. Ya fi kowa sanin matsalar, amma ba zai cire kyautarka da hannunsa ba, don kada ranka ya ɓaci.

Don Allah ka kira shi, kada ka ce ni na faɗa. Ka ce masa sababbin na zuwa coci ne, ya mayar da tsofaffin har a gama girbi. Suna nan a sito. Na gan shi ya wanke su ya lulluɓe da buhu, kullum kuma sai ya leƙa su. Daga bakinka kaɗai yake jira.

Ka gaida Anita, da Mabel, da ƙaramin Yosiya.

Taka mahaifiya,
Magdalena