Lambar da ta tafi Tabla a aljihun riga

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Wata biyu cif da rasuwar maigidana, Malam. Yau na kunna kwamfutarsa, wadda yake buga wa mutane wasiƙu da ita a bakin kasuwa. Fuskarta ta yi shuɗi, ta tsaya. Akwai muryarsa a ciki, don yakan ɗauki kansa yana karanta wasiƙa kafin ya buga. Ni kuma na fara manta yadda yake cewa "to, madalla". Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Latifa, ɗiyar wansa da ke aikin kwamfuta kusa da tasha, ta zo. Ta ce sistem ne ya lalace, wato abin da ke tafiyar da na'urar, sai an zuba sabo. Na riƙe hannunta. Ta yi dariya: "Inna, sake ni, ba ni goge komi. Sai na kwashe kayan Baffa tukuna." Ta kwashe su a wani ɗan abu kamar ɗan yatsa. Allah ya yi mata albarka.

Ta ce in zo shago in saurara a tata. Ina takaba, ina zan je? Kuma ba a gaban mutane nake son jinsa ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Aiki ya kai rabi ya tsaya. Wai sai an sa lambar lasisi, haruffa ashirin da biyar. Latifa ta ce ta taɓa ganin Malam ya ciro ta a aljihu, 'yar takarda ce a naɗe.

Aljihun shuɗiyar riga. Ni da hannuna na ba da rigar sadaka ranar arba'in, ga Baba Abdu na Tabla, tsohon da ke kawo mana igiya. Ban laluba ba. Ban iya sa hannu a aljihunsa a lokacin ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ban ci abin kirki ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Ƙanena Musa ya hau babur ya tafi Tabla. Yana fita yana mita: "Yaya, riga ta sha wanki sau nawa? Takarda ta zama dawo." Ya samu tsohon a gona suna yankan hatsi. Wai da tsohon ya ji, sai ya ajiye aiki, ya kai shi gida, ya ciro takardar daga cikin gafakarsa, tsakanin takardun karatu.

Ya ce: "Ban san mi ta ce ba, boko ne. Amma rubutu ba a yar da shi ƙasa, balle na mamaci."

Na yi kuka, na yi dariya. Na aika masa da goro da sabulu.

Laraba, 16 ga Oktoba

Sau biyu na'urar ta ƙi karɓar lambar. Gumi ya cinye harafi ɗaya, Latifa ta rasa ko B ne ko 8. Na karɓa na duba. B ne. Malam yana ja wa B ɗinsa 'yar wutsiya, shekara goma sha tara ina ganinta. Ta shiga.

Da la'asar na rufe ɗaki na saurara. Wasiƙar wani ce zuwa ga ɗansa a Sanam, kan maganar awaki. A tsakiya ya yi tari, ya ɗaga murya: "Balkisa, ruwa!" Na miƙe tsaye kafin in tuna.

Alhamdu lillahi. Shi ne.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Kwana biyu ban saurara ba, aiki ya yi yawa. Maƙwabciyata Hauwa ta roƙe ni in buga mata wasiƙa, layi huɗu, da yatsa ɗaya na yi, har azahar.

Latifa ta ce har yanzu na'urar ba ta da sunan mai ita, ta bar wurin haka nan sai na faɗa. "In sa na Baffa?"

Na ce ta sa Balkisa. Don sauƙin bugawa ne kawai.