Idon Babana da Jan Katin Fintan

Anti Nuala, don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Matata ce kaɗai na faɗa wa, ita kuma tun ranar kallo kawai take bi na da shi, irin kallon da gara a zage ka. Na canza sunayen mutane, ki bar su haka.

Shekarata goma sha shida ina alƙalancin wasan hurling, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda, a gundumarmu, kuma ba yabon kai ba, ana yaba min. Ni ba mai busa usur a kan kowane ɗan ture ba ne, ina barin maza su buga wasansu. Amma dukan mutum da sanda ba tare da ƙwallo a wurin ba, wannan jan kati ne a wurina ko ɗan waye. Kin san kowane alƙali shi ke zaɓar mutanensa huɗu masu farar riga, biyu a kowace raga, su ɗaga tuta in an ci, su kuma gane masa abin da ake yi a bayan idonsa. Ba a biyan su ko sisi, iyaka in kwashe su a motata, in ciyar da su a hanyar dawowa. To, ɗaya daga cikin nawa mahaifina ne. Shekararsa saba'in da huɗu, ya tsaya wa alƙalai biyu kafin ni, kuma tun da mahaifiyata ta rasu babu abin da ke fitar da shi daga gida sai coci da wasan Lahadi. Tun ranar Juma'a yake goge rigar nan.

A watan Afrilu likita ya ce yanar ido ta fara sauka a idanunsa duka biyu. Na sani, don ni na kai shi. Sau biyu a bana yana neman ɗaga tuta ga ƙwallon da ta bi ta waje, abokin tsayuwarsa Mossie, wanda tare suka yi firamare, ya yi maza ya riga shi nuna cewa ba a ci ba. Na gani, na kau da kai. Kullum sai in ce bari a gama wasannin bana tukuna.

Ranar Lahadin da ta wuce aka ba ni wasan kusa da na ƙarshe. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, kowa ya yi butu-butu da laka, ga hulunan kwano da ragar ƙarfe sun rufe fuskoki. Saura minti tara, ina can tsakiyar fili na ba ragar Baba baya, sai na ji 'yan kallo sun ɗauki ihu. Na waiwaya, ga mutum a ƙasa yana riƙe da haƙarƙari, ga Baba ya ɗaga hannu yana kira na. Ya ce gindin sanda aka soka masa, lamba takwas ne. Na ce, Baba, ka tabbata? Ya ce, kai, tun kafin a haife ka nake nan wurin. Na kalli Mossie, ya sunkuyar da kai yana gyara maɓallin rigarsa.

Lamba takwas Fintan ne. Shekararsa talatin da biyar, ba a taɓa korarsa daga fili ba. Da na nuna masa katin bai yi hayaniya ba, ya cire hular, ya ce, alƙali, ba ni ba ne, kai ma ka san ba halina ba ne. Ya fita. Duk da haka ƙungiyarsu ta ci wasan da maki ɗaya. Rabon ƙauyensu da zuwa wasan ƙarshe shekara ashirin da tara ke nan, kuma jan kati kai tsaye yana nufin Fintan a benci zai kalla. Kowa ya san bana ce shekararsa ta ƙarshe, gwiwarsa ta gama aiki.

A gidan abincin da muka tsaya, Baba ya zaga bayi, Mossie ya matso ya ce min, ɗana, lamba uku ne, da idona na gani. Na ce to me ya hana ka magana? Ya ce shekara ashirin suna tsayuwa tare, bai taɓa ƙaryata ubana a gaban jama'a ba, ba kuma ranar zai fara ba. Baba ya dawo yana ta raha, yana tsokanar Mossie wai dankalinsa ya fi nasa yawa.

Anti, ga inda nake jin kunyar kaina. Sai washegari na rubuta rahoton wasan, bayan na ji wannan magana. Na zauna da alƙalami a hannu, na rubuta takwas, na sa hannu. Kin kuwa san a wurin kwamitin ladabtarwa abin da alƙali ya rubuta shi ne gaskiya, sai in an kawo hoton da ya ƙaryata shi. Hoto babu, mai ɗauka ƙwallo yake bi. 'Yan ƙungiyarsu duk sun san wanda ya yi, amma a nan ba a nuna ɗan gida da yatsa, Fintan kansa gara ya rasa wasan da ya ambaci sunan abokinsa. Ya dai ɗaukaka ƙara, za a zauna ranar Alhamis mai zuwa, an kuma turo min takarda ko ina da abin da zan ƙara.

Jiya na je sayen abincin maruƙa a shagon manoma, na manta shaf cewa a can Fintan yake aiki. Shi ya ɗora min buhuna a mota, yana ɗingishi, ya tambaye ni jikin Baba. Wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

In na faɗi gaskiya, duk gunduma za ta ji cewa tsohon nan ba ya gani, kin kuma san bakin mutanenmu, har a kabarinsa za a riƙa ba da labarin. Ba zai sake sa rigar ba, ina tsoron ya zauna a kujera ya ƙare. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, ina tsoron a daina ba ni manyan wasanni. In kuma na yi shiru, na cuci mutumin da bai taɓa cutar kowa ba. Ya zan yi?

Daga wani mai usur da ya rasa sukuni

Ɗana,

Na tura maka amsar nan kai tsaye tun kafin a buga ta a jarida, don lokaci ya ƙure. Batun canza sunaye kuwa, sannu da ƙoƙari, amma alƙali nawa ne a gundumar nan ke yawo da ubansa a raga?

Ban raina tsoronka ba. Ka riƙe tsohon ne don ƙauna, na kuma ga dattawa da yawa da suka sukurkuce daga ranar da aka ce su huta. Amma mu raba laifin yadda yake. Mahaifinka ya faɗi abin da ya ɗauka ya gani, cikin ruwa, da ido mara lafiya. Kuskure ne. Mossie ya yi kara a inda bai kamata ba. Kai ne ka rubuta abin da aka riga aka gaya maka ba haka yake ba, don haka gyaran a hannunka yake, kuma har yanzu yana yiwuwa.

Fara da mahaifinka, yau ɗin nan, ku biyu kawai a gidansa. Kada ya ji a bakin kowa kafin kai. Kada ka yi ta kewaye-kewaye, ka ce masa, Baba, uku ne, kuma na san halin idonka tun Afrilu na yi shiru. Zai yi fushi, mai yiwuwa ya yi kwanaki ba ya ɗaga wayarka. Ka jure. Kana yi masa kallon abin lallaɓawa, alhali mutum ne da ya yi shekaru yana tsayuwa cikin ruwa kyauta don a yi wasa bisa ƙa'ida. Ina kyautata zaton abin da zai fi ƙona masa rai shi ne ya gano daga baya cewa an hana bawan Allah wasansa don a rufa masa asiri.

Daga nan ka rubuta wa kwamitin kafin Alhamis. Gajeruwar takarda: ba ka ga dukan da idonka ba, masu rigarka biyu sun saɓa, ka ji haka kafin ka rubuta rahoto, ba ka kuma faɗa ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai ɗaci, kada ka tsallake shi. Ba sai ka yi musu bayanin likita ba, wannan na mahaifinka ne, in ya so ya faɗa da bakinsa. Ka ɗauki Mossie ku je tare. Abin da za su yi wa lamba uku ba naka ba ne. In sun ajiye ka na shekara guda, ka karɓa ba gunaguni.

Kada ka je neman gafarar Fintan tukuna. Ka fara mayar masa da wasansa, sannan ka je, kuma kada ka sa ran zai lallashe ka.

Shi kuwa ido, yana ce, ana cire ta. Ka matsa a sa masa ranar aiki, ka kai shi da kanka. Kafin nan kujerarsa ta gaban mota tana nan, ya riƙe maka agogo, ya ci dankalinsa, ya yi ta gyara maka alƙalanci a hanyar dawowa. Rigar ce zai ajiye na ɗan lokaci, ba ɗansa ba.

Shekara goma sha shida kana korar 'ya'yan mutane daga fili kana ce musu doka ce. Yau ta biyo ta gidanku, sai ka tashi ka buɗe mata ƙofa. Allah ya ba mahaifinka lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciya, ya kuma sa gwiwar Fintan ta kai shi ƙarshen wasan.

Taka,
Anti Nuala